Yadda Jitar Bes Ta Cinye Mini Hannun Hagu

Ni mutumin Azare ne, kakannina Barebari. Ban yi boko ba, ko wannan ma faɗa nake ana rubutawa. A ƙarshen shekarun tamanin ina facin taya a bakin tasha, ranakun Asabar kuma ina kaɗa jitar bes, wato babbar jitar nan mai tsirkiya huɗu mai kaurin murya. Da gurmi na fara tun ina ƙarami. Wanda ya ɗora ni kan jita wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, Kirista daga kudancin Bauchi, muna ce masa Oga. Shi ke da kayan kiɗan duka, shi ke waƙa. Mukan yi wasa a bikin ma'aikata da walimar ban kwana, daga Azare har Giade da Itas. Ban iya karanta ko harafi ɗaya na kiɗa ba, amma in na ji waƙa sau ɗaya yatsuna sun riƙe ta. Hannun hagu shi ke danna tsirkiya. Shi ne abin da nake da shi a duniya, kuma labarin yadda na rasa shi zan ba ku.

Jitar, wani ɗan'uwan Oga ne ya aiko da ita daga Jos, ta hannu ce amma mai kyau. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai wani baƙin abu mai ɗaukar sauti ya aika wa amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara murya, shi baƙin abun ana ce masa fikof. Bakin da ake soka waya ya yi sako-sako, wayar takan zare ana tsakiyar kiɗa. Sai na yi abin da mai faci ya sani. Na yanko robar tsohon tub na taya na ɗaure wayar tam a jikin jitar, ban sake cire ta ba, ko a gida a soke take kwana. Na ɗauka dabara na yi. A bayan jitar kuma wanda ya riga ni ya manna wata faffaɗar takarda mai hoton kwalbar lemo, ban taɓa tunanin ɓare ta ba.

Bayan wasu makonni muryarta ta fara canzawa. Da farko ta yi rauni, sai na ƙara sauti. Daga nan ta fara karkarwa kamar mai majina a ƙirji, in na ja tsirkiya da ƙarfi sai ta fashe, a ƙarƙashi kuma ga wani gurnani da ba ya tsayawa. Mai gangarmu Bafillatani ne, abokin wasana, ya ce jitar ta gano Babarbare ne ke riƙe da ita shi ya sa take kuka, a ba shi ita ya kai ta ruga ta sha nono. Na ce masa wanda bai san komai ba sai bugun fata ya yi shiru in masu tsirkiya na magana. Mun canza waya, ba ta daina ba. Mun soka ƙaramar jitar Oga a amfilifayar, ta fito garau. Ashe dai ciwon a cikin tawa yake. Oga ya ce a bari sai ya je Jos ƙarshen wata. Na ce ba zan iya jira ba, akwai walima a Katagum, kuma ba zan tsaya gaban mutane da jita mai tari ba.

Na kai ta wajen wani mai gyaran rediyo a kasuwa, dattijo ne, kowa Injiniya yake ce masa. Ba na zarginsa. Rediyo da kaset ya sani, kuma ya faɗa mini da bakinsa cewa bai taɓa buɗe jita ba. Ni na matsa masa. Ya soka ta a wata amfilifaya tasa, ya saurara, ya ɗora yatsa a kan ƙarfen bakin wayar, gurnanin ya ragu. Ya ɗaga, ya dawo. Ya ce to ga ciwon, ba ta da wayar ƙasa, wadda ke zubar da ɓatacciyar wuta, haka rediyo ke yi in ta rasa ta. Ya duba ya ga babu abin da ya haɗa tsirkiyoyin da sauran kayan ciki, ya ce ai masu ƙerawar mantuwa suka yi, ko kuma wani ya tsinke ta. Ya ɗauko 'yar jar waya ya liƙa da dalma, daga ƙarfen da ke riƙe da tsirkiyoyi zuwa bakin wayar. Yanzu in na ɗora hannu a tsirkiya gurnanin sai ya kwanta. Karkarwar tana nan, amma ya ce wannan tsufa ne. Na yi godiya na tafi.

Tun a gwajin farko ta gargaɗe ni. Na taɓa tsirkiya na ji wani ɗan cizo a yatsa, kamar na cinnaka. Na faɗa wa Oga, ya ce amfilifayar ce, ta daɗe tana yi wa mutane haka in an taɓa jikinta, ba ta kisa. Gaskiyarsa, kowa ya san halinta. Filoginta ya karye tun tuni, tsirarun wayoyi biyu muke cusawa a soket mu danne da tsinken ashana, ta uku kuma, wato ta ƙasa, mun naɗe ta gefe don ba mu ga amfaninta ba. Mai ganga ya ce in gode Allah, na samu matar da ke mintsini na. Na yi dariya. Silifas na roba ke ƙafata kullum, ban san su ne tsakanina da abin da ke jirana ba.

Walimar ta wani jami'in gona ce da aka sauya wa wurin aiki. Damina ce, an yi ruwa da safe, da la'asar rana ta fito. An kafa rumfa a fili, an shimfiɗa tabarmi a kan ƙasa mai danshi, aka tayar da janareto. Dattawan gari suna zaune a gaba, mu kuma aka ba mu gefen tabarmarsu. Ba a taka tabarmar manya da takalmi, ba wanda zai gaya maka wannan. Na tuɓe silifas, na durƙusa na gaishe su, wani Alhaji a cikinsu ya tambaye ni ko wannan ne gurmin Nasara, na ce shi ne, ranka ya daɗe. Na koma wurina ba takalmi. Tabarmar ta jiƙe, na ji sanyinta a tafin ƙafa. Na rataya jitar, Oga ya ɗaga kai alamar mu fara, na kama wuyanta da hannun hagu.

Ban ji zafi ba. Abin da na ji shi ne hannuna ya damƙe da kansa, ya ƙi buɗewa. Haƙorana suka haɗu. Ina ganin mutane, ina ganin bakin Oga yana motsi, amma ba ni da murya. An ce wasu sun ɗauka salon rawa ne, har wata mata ta yi guɗa. Mai ganga ne ya gane. Bai taɓa ni ba, ya ɗaga kujerar katakon da yake zaune a kai ya maka wa wayoyin soket, suka fita. Na faɗi. A bayan motar jami'in gonar aka kawo ni asibiti a Azare. Da na farfaɗo na ga layi huɗu a ƙone a yatsuna da tafin hannu, kowace tsirkiya ta bar nata. Mai ganga yana tsaye a kaina, ya ce mini Barebari ba su da saurin mutuwa, ya riga ya gaya wa likita kada ya wahalar da kansa. Idonsa ja.

Ƙunar ta warke. Yatsu uku suka lanƙwashe suka zauna haka. Likita ya ce jijiyoyin sun mutu, in yi ta matsa ƙwallon roba ko Allah zai sa. Na matsa har robar ta tsage. Matata ta yi ta shafa mini man shanu da ɗumi, ba ta taɓa cewa komai a kan kiɗa ba, ni ma ban ce ba. Facin taya ma ya gagara, don ba a ɓare taya da hannu ɗaya.

Oga ya kai jitar Jos kamar yadda ya so yi tun farko. Da ya dawo ya zo gidana da ita, ya zauna a zaure. Sannan ya juya bayanta. An ɓare takardar lemon. A ƙarƙashinta akwai ɗan murfi, a cikin murfin akwai gurbin batir. Ya ce mai gyaran can ya shaida masa irin wannan fikof da batir yake aiki, kuma muddin waya na soke batirin yana ci, ko ana kiɗa ko ba a yi. Robar da na ɗaura ita ta shanye shi. Karkarwar da raunin duk kukan batir ne. Aka sa sabo, murya ta dawo. Jar wayar kuwa mutumin ya yanke ta, ya tambaya wa ya sa ta, ya ce ita wannan jitar da gangan aka raba tsirkiyarta da wuta, ba mantuwa ba ce. Wayar ce ta ɗauko wutar da ke yawo a jikin amfilifaya ta kawo mini har hannu, jiƙaƙƙiyar tabarma ta ƙarasa sauran. Oga ya ciro tsohon batirin daga aljihu ya ajiye a gabana. Bai kai kwalin ashana girma ba.

Ya miƙo mini jitar ya ce in gwada, ko da yatsa ɗaya ne. Na karɓa don kada ya ji kunya. Na ɗora hannu a wuyanta, ina ganin yatsuna a kan tsirkiya amma ban ji tsirkiyar ba. Na mayar masa. Ya yi kuka, babban mutum da shi. Ni ban yi ba, har yau ban yi ba. Ba jarumta ba ce, abin ne bai zo ba.

Yanzu albasa nake sayarwa. Injiniya ya rasu, mun ci gaba da gaisawa har ƙarshensa, bai taɓa kallon hannun ba in muna magana. Abin da na koya kaɗan ne. Kayan da ba ka san cikinsa ba, kada ka ƙara masa abin da ba a ƙera shi da shi ba, kuma kada ka tilasta wa mai gyara ya taɓa abin da ya ce bai sani ba. Ku masu kiɗa da lantarki, in jita ta canza murya ku fara neman batir, ku zare waya in kun gama. Ku sa wa amfilifaya filogi na gaske mai ƙafa uku, ku bar ashana a kicin. In ƙarfe ya cije ku sau ɗaya, ko kaɗan ne, ku kashe wuta, kada ku tsaya dariya. In kuma ladabi ya sa kun tuɓe takalmi a ƙasa mai danshi, to ku ajiye jitar tukuna.

Masu sayen albasa in sun ga hannun sukan yi mini sannu, su tambaya ko yana ciwo. Nakan ce a'a. Sai su ce alhamdu lillahi, ni ma in ce alhamdu lillahi. Ba na gaya musu cewa da yana ciwo, da na san yana nan.