Kwalbar Kudan ta kwana a firij

"Yallaɓai, sa jakar a but mana." Na ce wa direban a'a, a cinyata za ta zauna. Tun asuba na baro Kaduna, na canja mota a Zariya. Aikina karɓo kwalabe uku, ruwan ƙashin bayan yaran da sanƙarau ya kama, kuma dukansu an yi musu rigakafi. A lab za a raya ƙwayoyin cutar, a duba ko dangin juna ne, ko kuwa wata iri ce da allurar ba ta kamawa. Sharaɗi ɗaya: su iso da rai. Sanyi kashe su yake yi.

Ikara

Lafiya lau. Yaron ɗan ƙauyen Furana ne, har ya fara shan kunu. Na karɓi kwalba, na wuce.

Makarfi

A shingen shiga gari ɗan sanda ya leƙo. "Meye a jakar?"

"Sanƙarau ne, ofisa."

Ya yi tsalle baya. "Wuce, wuce!" Direba na dariya, wai gobe ma in biyo shi. Na karɓi ta biyu, na sha rake, na tari acaɓa.

Kudan

A nan ranata ta ɓaci. A ƙofar ƙaramin asibitin wani dattijo, Malam Haruna, ya tare ni. Shekaranjiya aka binne 'yarsa Asma'u. Bayan mun gaisa na yi masa ta'aziyya, ya ce, "Ɗana, duk allurar da aka ce, mun yi. Ga ƙaninta na goye. Ba zan kawo shi rigakafi ba sai ka gaya mini abin da ya kashe ta. Maƙwabta ma ni suke kallo."

Na ce, "Baba, insha Allah za ka ji."

A ciki Anti Ladi mai rigakafi ta buɗe firij tana murmushi. Ga kwalbar Asma'u a tsakiyar allurai, sanyi ƙarara. "Da aka ɗauke wuta ma ni na nemo ƙanƙara da kaina," in ji ta.

Na karɓi kwalbar, na sa a jaka. Tun da ta fara aiki abu ɗaya ake nanata mata a taro: sanyi, sanyi. Ba wanda ya taɓa ce mata wannan daban ce. Motar da ya kamata ta zo ta ɗauke ta tun ranar da aka ɗebi ruwan kuma, wai ba mai.

Kaduna

Na iso gida lafiya, alhamdu lillahi. Ta Ikara da ta Makarfi sun rayu, ana kan binciken. Ta Kudan shiru, ko ɗigo bai tsiro ba. Kuma ba inda za a sake ɗebo wani.

Yanzu haka wayata na ƙara, Malam Haruna ne. Ku da kuke karantawa, in na ɗaga, me zan ce masa?