Kawu Sale da Jirgin da Ba Direba

Duk wanda ya taɓa shan shayi a gidanmu na unguwar Al Khabaisi ya san Kawu Sale Reluwe ba ya shiri da butar lantarki. "Butar da ke kashe kanta da zarar tururi ya taso? Raguwa!" Shekara ashirin ya yi yana zuba wa jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru kwal, saboda haka tururi a wurinsa ba abin wasa ba ne.

Ciwon ƙafa ne ya kawo shi wurina Dubai, amma bai baro littafinsa ba. Tarihin jirgin Ingila ne a ciki, ya rubuta da ajami daga bakin wani Bature injiniya. Kullum sai na karanta masa, yana yi mini gyara.

"Da doki suka fara jan taragon kwal a kan layin dogo," in ji shi. "Da jirgin tururi ya zo, ƙauyawansu suka ce shanu za su daina ba da nono. Ka ji tsoron banza!" Ya yi ta dariya har da tari.

Alhaji Bala, mai tura kaya Kano, ya taɓa tsokanarsa: "Baba, ai Turawan ma sun yar da jirgin naka."

"Sun yar. Uwa ta jefar da ɗanta, mu muka yi renon maraya. Kai me ka taɓa reno ban da kwantena?"

To, likita ya ce gashin ƙafa sau uku a mako, in ya yi wasa sai keken guragu. Zaman mota a cunkoso yana kumbura masa ita, sai na kai shi tashar metro. Jirgi ya iso, Kawu ya leƙa gabansa.

"Ina direban?"

"Babu, Kawu. Na'ura ce."

"La'ilaha illallahu! To wa ya yi bisimilla?"

Ya juya da sandarsa. Mako biyu bai taka asibiti ba, ƙafa ta yi suntum. Matata har kuka ta yi masa, a banza.

Ran nan na kai masa shayi, na ce, "Kawu, naka shanun fa? Suna ba da nono kuwa?"

Ya daɗe yana hararata.

"Ja'iri. Miƙo min hulata."

Da muka shiga jirgin, ya kutsa har gilashin gaba, ya dafa ƙarfe, ya yi addu'ar tafiya da ƙarfi. Wani Ba'indiye ya ce amin. A dawowa kuwa, da yake jirgin ba ya juya kai, wurin nasa ya koma ƙarshen jirgi. Kawu ya gyara tsayuwa: "Ba laifi. Yanzu ni ne gadi, dama a taragon baya yake tsayawa."

Bai ƙara fashin asibiti ba. Da ƙafarsa ya sauka Kano, da ita ya yi ta zuwa masallaci har bara da Allah ya karɓi abinsa.

Allah ka gafarta wa Kawu, ka haskaka makwancinsa. Ƙafafun nan da ka ba su lafiya, ka tabbatar masa da su a kan siraɗi.