Minti Ashirin a Gaban Bijimin Baba

Har yau a unguwarmu cewa ake wai na yi wa Baffa rashin kunya a gaban maza, don na gama sakandare kaina ya kumbura. Ba haka ba ne. Bijimi na tsare, kuma da za a maimaita, sai na sake.

Bijimin huɗar Baba ne, ɗaya daga cikin biyun da ke ja mana garma. Ana dab da saukar ruwa ya tsallake shingen wata gona, waya ta yage masa cinya, tsoka a waje. Garmarmu ba ta tafiya da sa ɗaya. In ya mutu, gonarmu ta kwana a shekarar.

Likitar dabbobi ta iso a kan babur da hantsi. Ta so ta yi masa allura a jijiyar wuya, amma sai tunkuyi yake, maza huɗu sun kasa riƙe kansa, dole ta soka masa a tsoka. Ni ke riƙe mata kwanon ruwa, na tambaye ta abin da ta ba shi. Ta ce maganin kashe zafi ne mai ƙarfi, dangin wanda ake yi wa mutum bayan tiyata, haɗe da ɗan na kwantar da jiki. A jijiya nan take yake bin jini, a tsoka kuwa sai ya riƙa tsatsowa kamar ruwa a jikin sabuwar randa, minti ashirin, ko fiye in dabbar a firgice take.

"So nake ya yi laushi a tsaye," in ji ta. "In aka ƙara masa wani abu numfashinsa zai yi ƙasa, ya kwanta, ciki ya kumbura. Kada kowa ya taɓa shi."

Zaren ɗinkinta bai isa ba, ta koma cikin gari ɗaukowa.

Mu kuwa a wurinmu, allurar da ba ta kayar da dabba nan take ba, ruwa ce. Ko minti biyar ba a yi ba wani ya ce, "Ai ruwan rijiyar Kusugu ta ɗura masa!" Aka kwashe da dariya. Baffa, yayan Baba, dillalin shanu ne, aljihunsa ba ya rabo da sirinji. Ya zaro wata kwalba da ya sayo a kasuwar Kongolam ta bakin iyaka, rubutun Faransanci a jikinta, ba mai iya karantawa a cikinmu. Na dubi Baba, ya sunkuyar da kai. Bai taɓa musu da yayansa ba, ko a kan gonarsa.

Sai na ajiye kwanon, na shiga tsakanin Baffa da bijimin.

"Baffa, likita ta ce kada a ƙara."

"Ke 'yar nan, tun ba a auro uwarki ba nake yi wa shanu allura."

"Na sani, Baffa. Amma na farkon bai gama shiga jini ba. In naka ya cim masa, sai dai a nemo wuƙa."

"Ku ji mini likitar zaure! Matsa."

"Sai dai ka soka mini."

Ban gusa ba. Na ɗaga wayata ina duba lokaci, na ce wa sauran su yi shiru, hayaniyarsu ce ke ƙara firgita shi. Wani ya ce Allah Ya ji ƙan wanda zai aure ni. Na ce amin.

A minti na goma sha bakwai kan bijimin ya fara sauka, leɓe ya saki, yawu na zuba. Ya ware ƙafafu, yana tsaye. Likita ta dawo, ta kashe zafin wurin, ta ɗinke, bai ko ɗaga kofato ba. Mun yi huɗa a makare, amma mun yi.

Inna ta matsa sai na je na ba Baffa haƙuri. Na je, na durƙusa, na ce ya yafe mini ɗaga murya. Tsayuwar da na yi ban ambata ba, shi ma bai tambaya ba.

Abin da ke cina shi ne, duk abin da na sani a ranar, a tsaye na ji shi, da kwano a hannu. Da Baffa ya tambaye ni me ke cikin kwalbarsa, da ban da amsa. Don haka na je na sami likitar, na ce zan riƙa binta duk ranar kasuwa, kuma bana zan cike takardar shiga makarantar koyon lafiyar dabbobi. Ranar da Baffa zai sake zaro kwalba, ni zan karanta masa abin da ke ciki.