Babin da Na Tsallake

Shekara uku na yi ina koyar da Faransanci a wani ɗakin haya a Yelwa, Asabar da Lahadi. Ɗalibaina manya ne: ma'aikata, 'yan jami'a, da 'yan kasuwa masu zuwa Kamaru da Nijar. Kowa Malam yake ce mini, kuma in faɗi gaskiya, sunan ya hau mini kai.

A littafin da muke bi, babi na sha huɗu shi ne na abin da Faransawa ke kira subjonctif, wato yadda aikatau ke sauya kama in kana faɗin abin da ya zama dole, ko abin da kake so a yi. Ƙa'idar a takarda ba wuya: ka ɗauki aikatau yadda ake faɗarsa ga "su", ka yanke wutsiyar -ent, ka liƙa sabuwa. Ils parlent, que je parle. To amma akwai 'yan taurin kai da ba sa bin layi, irin su aller da faire, ga kuma sanin inda ake sa shi. Nan ni kaina na sha ƙasa. Makon da aka koyar da shi a jami'a zazzaɓi ya kwantar da ni, na tsallake jarrabawa da ƙyar, ban sake waiwayarsa ba.

Don haka duk shekara in mun iso sha huɗu, sai in lashi yatsa in buɗe sha biyar. In wani ya yi magana in ce, "Wannan na masu rubuta littafi ne, su kansu Faransawan ba sa faɗinsa a kasuwa." Ƙarya tsagwaronta.

A shekarar ƙarshe akwai wata Bafulatana daga Zungur, unguwarzoma ce, ta girme mu duka, muna ce mata Uwar Aji. Wata ƙungiyar agaji ke neman ma'aikaciyar lafiya mai jin Fulatanci da Faransanci, aikin da ta ɗora wa rai ke nan, don shi kaɗai take tasowa tun daga ƙauye. Duk Asabar sai ta riƙo mini kindirmo a ƙwarya, ɗaure da tsumma.

Ranar da na tsallake babin ta ɗaga hannu.

"Malam, sha huɗun fa?"

Na ba ta amsar da na saba bayarwa. Mako na gaba ta sake tambaya, ta ce a rediyo tana yawan jin il faut que, wato "dole ne", kuma abin da ke biyo baya ba ya kama da wanda muka koya. Raina ya ɓaci, don ta taɓa inda ke mini ciwo.

"Ke ce malamar ko ni?"

Aji ya fashe da dariya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Malam." Ba ta ƙara tambaya ba.

Abin kunyar ma, ni ɗan gidan malamai ne. Mahaifina in an tambaye shi abin da bai sani ba a zaurensa, cewa yake, "Allahu a'alamu, bari in tambayo." Ya zura takalmi ya taka har unguwar Gwallaga wurin malamin da bai kai shi shekaru ba. Na gani da idona, amma ban gado ba.

Uwar Aji ta je ganawar neman aikin, ta dawo wata Asabar bayan an tashi, da ƙwaryarta kamar kullum. Ta ce an sa ta yi kamar tana magana da uwar yaro marar lafiya: dole ya je asibiti, dole ya sha magani, ina so ki dawo gobe. Ashe aikin lafiya gaba ɗayansa "dole" ne da "ina so". Sau uku matar da ke tambayar tana gyara mata, a na huɗu ta rufe fayil. Wata aka ɗauka.

Ta miƙo mini takardar da matar ta rubuta mata gyaran: qu'il aille, qu'il boive, que tu reviennes.

"Malam, ka nuna mini yadda suke fitowa, ko Allah zai sa a sake nema. Ni ce dai kaina bai ɗauka ba."

Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na daɗe ina kallon takardar.

"Uwar Aji, ba laifinki ba ne," na ce. "Ban iya babin ba. Tun farko ban iya ba, shi ya sa nake tsallakewa."

Ta karɓi takardarta, ta ninke, ta ƙulle a bakin mayafi. Ta tura mini ƙwaryar gabana.

"Ayya, Malam," ta ce. "Ai da ka faɗa tun ranar, da mun nema tare."