Miƙa a Kan Buzu

A shekarar da aka ba mu mulkin kai ban cika talatin ba, amma a masallacin unguwarmu na Illo wurina yana can gefen sahu, tare da tsofaffi masu salla a zaune. Tela ne ni. Shekara bakwai ina ɗaukar kan keken ɗinki a ka, daga kasuwarmu zuwa na ƙauyukan ƙetaren iyaka, in dawo in duƙa a kansa har la'asar sakaliya. Wata safiya na sunkuya zan ɗauki almakashi, sai na ji wani abu ya riƙe ni a ƙugu. Tun daga ranar ruku'u ya gagare ni.

Ciwon baya ba ya kwantar da mutum a zo a gaishe shi, hana shi sakat kawai yake yi. In na zauna sai in ji tsayuwa ta fi, in na tsaya sai in nemi bango. Kafin in gama wuyan riga ɗaya na tashi sau biyar na zaga rumfa. Ga aiki ya yi yawa a lokacin, kowa yana son sabuwar riga ta bikin mulkin kai, ni kuwa in ka yi mini sallama da ƙarfi sai mu yi faɗa. Wanzami ya kafa mini ƙaho har bayana ya koma kamar faifai, na sha jiƙo kala-kala, na haɗiyi ƙwayar asibiti. Duk wannan bai ƙona mini rai ba kamar in ga sa'o'ina sun miƙe a sahu, ni ina zaune kusa da wani dattijo da ya yi wasan ƙasa da kakana. Kunya nake ji, kuma haushin kowa nake ji.

Matata ce ta gaji da ni, ta ce in je Geza wurin kawuna, ko ba komai gidan zai huta kwana biyu. Kawun nan ƙanin mahaifiyata ne, tsohon soja, ya yi yaƙin Bama. Na same shi yana gyaran rumbu, ya dubi yadda na sauko daga kan jaki, ya yi tsaki.

"Kai ɗan ga, tsuhwa kaka yi tun ban hwara ba? Mi yas same ka?"

Na faɗa masa. Ya ce shi ma haka aka kwashe shi daga daji, baya a sanƙare, aka kwantar da shi a wani asibitin soja a ƙasar Indiya.

"Nan wani tsoho mai share muna ɗaki yag gwada min abin ga. Su can yoga suka ce mishi, ni miƙa nika ce mishi. Ba tsahi na ba, ba magani na ba. Kwanta in gani."

Ya sa na durƙusa da hannu da gwiwa, in gantsare in kuma ƙudundune kamar kyanwa ta tashi daga barci. Ya sa na kwanta rubda ciki in ɗaga ƙirji a hankali. Sannan in zauna a kan dugadugaina, in miƙa hannuwa gaba, goshi a ƙasa, in yi ta jan numfashi ta hanci. Da na yi gaggawa sai ya taka mini mazaunai da ƙafa.

"Sannu dai. Ba tsere muka yi ba. Kullum da sahe, cikinka wayam, bisa wani abu mai laushi."

Abin da ya ce ke nan, bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Da na koma gida na duba, abu mai laushi ɗaya ne gare ni, buzun salla. Shi kuwa buzu kullum a ƙofar ɗakina yake, yana duban gabas, don haka na saba shimfiɗa shi. In na dawo daga asuba sai in ɗan jira gari ya waye sosai, in hau kai. Ban taɓa kawo wa raina komai ba. Darnin gidana ya ɓule ta gefen hanyar rijiya, wannan ma ban kula ba.

Bayan kamar wata guda na fara ɗaura zariyar wando ba tare da na cije leɓe ba. A daidai lokacin ne kuma na lura masu kawo ɗinki sun ragu. A masallaci dattijon da ke kusa da ni ya fara jan buzunsa gefe. Shekarun nan mutane a tsarge suke da maganar salla. A kan kama hannu ko sakinsa kaɗai an ɓata tsakanin wa da ƙani a garuruwa da yawa. To ga tela mai yawon ƙetare, mata masu zuwa rijiya sun gan shi a kan buzu, ya dubi gabas, ya sa goshi a ƙasa daidai fitowar rana, lokacin da ko yaro ya san ba a salla. Wasu suka ce sabuwar ɗariƙa na ɗauko a hayi, wasu suka ce rana nake yi wa sujada. Matata ta ji a gidan suna, ta dawo tana kuka.

Liman ya aika aka kira ni. Mutum ne mai sanyin magana, ya bar ni na gama zazzaga fushina tukuna.

"Allah gafarta Malam, bayana nika gyara don in samu in yi ruku'u. Shi ne anka maishe ni kahiri?"

"Ba wanda yam maishe ka," in ji shi. "Miƙa ba ta da laihi. Amma tela, kai ma duba. Buzu, gabas, goshi ƙasa, rana tana hitowa. In kai kag ga wani haka, mi za ka ce?"

Na tashi cike da haushi. Na koma gida na naɗe buzu, na rantse na bar miƙa, kowa ya huta. Ba wanda ya huta. Maganar ba ta mutu ba, don cewa aka yi na koma yi a ɗaki, ciwon kuwa kafin mako uku ya dawo da ƙarfinsa. Na koma zagayen rumfa, in zauna, in tashi, in jingina, in yi wa zare masifa.

Wata ranar kasuwa kawu ya shigo Illo sayen gishiri, ya tarar da ni a tsaye ina ɗinki da hannu. Da ya ji labari bai tausaya mini ba ko kaɗan.

"Wa yac ce ka hau buzu? Ni shekara goma sha ina yi bisa buhu, bayan rumbu, ban taɓa duban gabas ba. Kai dai ba ka da wayo. Ɗauko buhun can."

"Nan, Kawu? Cikin kasuwa?"

"Nan. Abin da anka gani ta ɓular darni shi ka zama tsahi."

Ya shimfiɗa buhun gishiri a gaban rumfata, ya juya shi yamma, ya tuɓe riga. Tsoho mai furfura ya gantsare a tsakiyar kasuwar Illo, ni ma na bi shi, raina a ɓace. Mutane suka taru. Wata mai sayar da kifi ce ta fara fashewa da dariya, ta ce da Dendanci, yaren mutanen yankinmu, ga ƙadangaru biyu suna shan hantsi, sai kasuwa ta ɗauka. An yi mana dariya har da riƙe ciki. Daga ranar na tashi daga mai sabuwar ɗariƙa na koma tela mai taɓin hankali, kuma wallahi na fi son hakan. Ɗinki ya dawo, har da masu zuwa don su tsokane ni.

Na ci gaba a kan buhu, ina duban yamma, damina guda cur. Ciwon bai tafi duka ba, har yau yana leƙo ni in sanyi ya shigo. Amma wata Juma'a bayan girbi na wuce gefen tsofaffi, na shiga tsakiyar sahu na tsaya. Liman ya yi kabbara ya sunkuya, na bi shi a hankali ina jiran abin nan ya riƙe ni. Tafukana suka sauka a kan gwiwoyina, bayana ya shimfiɗu, ban ji komai ba. Hawaye suka zubo mini a kan tabarma. Liman ya ɗago, sahu duka ya ɗago, ni ina nan a sunkuye na ƙi tashi, sai da na kusa da ni ya zungure ni da gwiwar hannu.