Dutsen Jauro a Hannun Hedimasta

Duk wanda ya taɓa jerawa da Hedimasta Iro daga ƙofar gidansa zuwa masallacin Juma'a na Kibiya ya san tafiyar minti goma ce ake yi a minti arba'in. Ba ciwon ƙafa ke damunsa ba. Mayen ƙarfe ne, wanda ya ciro daga wata matacciyar rediyo ya ɗaure da igiyar takalmi, yana aljihu ɗaya da carbinsa. Da ya hango baƙin dutse a gefen hanya sai ya ce wa abokin tafiyarsa, "Riƙe min maganar nan," ya duƙa ya dangana masa mayen ƙarfen. In bai kama ba, ya miƙe a ci gaba da hira. In kuwa ya kama, to ranar sai dai ku yi salla a waje, cikin rana.

Ni jikarsa ce, Zinatu, Tsoho nake ce masa, kuma ni ya fi gasa wa aya a hannu, saboda haka ku bar ni in faɗi nawa. Tun da ya ajiye aikin koyarwa burinsa ɗaya ne: kafin ya mutu ya riƙe dutsen da ya faɗo daga sama, irin guntayen nan da ke yawo a sararin samaniya har wata rana su keto iska da wuta su faɗo ƙasa. Ya karanta cewa yawancinsu suna kama mayen ƙarfe, shi ke nan duwatsun Kibiya suka shiga uku. Har dutsen niƙan kakata Hajiya bai tsira ba.

"Malam, wannan daga gidan ubana aka kawo shi, ba daga sama ba," in ji Hajiya.

"To shi uban naki daga ina ya samo?"

Abin da ya biyo baya kuwa laifina ne. Ina jami'a ina karatun ilimin duwatsu na nuna masa a wayata wata wasiƙa da masu binciken duniyoyin sama ke aika wa junansu duk mako. A ciki ake sanar da guraben aiki, da taruka, da wanda ya samu ƙarin girma, da wanda ya rasu. Wayyo ni! Daga ranar ya naɗa kansa ɗan ƙungiya, ni kuma ya laƙaba min Furofesa. Duk Alhamis sai ya hau mota zuwa Rano a buga masa wasiƙar, da damin tsofaffin takardun jarrabawa a hammata, wai a bayansu za a buga. Mai shagon ya yi ƙorafin suna maƙale masa a inji.

"Takarda mai fuska biyu, a mori ɗaya a yar?" in ji Tsoho. "Kai in an ba ka waina, gefe ɗaya kake ci?"

Bayan la'asar sai ya baje a majalisarsu ta gindin darbejiya, ya gyara tabarau, ya karanta da Turanci ya fassara, sannan ya shiga rabon aiki. Kowane gurbi sai ya samar masa mai shi a cikin gari. Ran nan ya ɗaga kai ya ce, "Tanko, naka ya fito. Ana neman wanda zai binciki ƙanƙarar da ta rufe wani wata na duniyar Mushtari."

Tanko mai sayar da ƙanƙara ya gyara zama. "Akwai wutar lantarki a can, Hedimasta?"

"Babu. Amma ƙanƙarar ba ta narkewa, kuma ko'ina ita ce."

"To wa zai saya?"

Tsoho ya cire tabarau ya dube shi ya jima, ya ce, "Wallahi tambaya ce." Ya rubuta ta a gefen takardar.

Shafin rasuwa kuwa shi ya fi ɗauka da muhimmanci. Duk masanin da aka sanar ya rasu, ko a wace ƙasa yake, sai Tsoho ya zauna ya rubuta wa iyalinsa ta'aziyya da Turancinsa na hedimastoci, ya sa ni in aika. Hajiya ta ce, "Malam, ka san shi ne?" Ya ce, "Sana'armu ɗaya. In na mutu so kike a ce ba na zumunci?" Wata tsohuwa da mijinta ya rasu ta ba shi amsa mai daɗi, har ta tambayi ina ne Kibiya. Kwana uku yana bina in gano masa yadda ake aika kwano biyu na gero zuwa ƙasarsu, don a yi sadakar bakwai. Da na ce ba sa yi, sai ya yi tagumi ya ce, "To da me suke sallamar masu zaman makoki?"

Yanzu ga maganar dutsen. Wani makiyayi, Jauro Bello, da ke zaune da shanunsa a dajin Kahu, ya ga wuta ta gifta sama wata rana da magariba. Da safe ya tsinci wani baƙin dutse mai nauyi, kamar dunƙulen hannu, a inda yake zaton ta sauka. Ya kawo wa Tsoho, aka dangana mayen ƙarfe, ya kama caraf! Hajiya ta ce ranar ko tuwo bai ci ba. Jauro yana shirin tafiya kudu da shanu saboda rani, sai ya ce, "Modibbo, ajiye min." Tsoho ya naɗe dutsen a tsohon rawani ya kulle a akwati.

Ni a lokacin shekarata biyu da gama bautar ƙasa, babu aiki, ina zaune ina taya Hajiya tsintar shinkafa. Wata Alhamis sai ga Tsoho ya shigo gida ko sallama bai ƙarasa ba.

"Furofesa, yau naki ya fito, na gaske!"

Wata cibiya ce a ƙasar waje ke neman ɗaliban Afirka su je horon wata uku. Sharaɗin shi ne kowa ya aiko da ɓallin dutsen da yake zaton na sama ne, ko da kamar ƙwayar gyaɗa, kafin ƙarshen wata. Na yi tsalle na yi guɗa, na ce a ɗauko guduma.

"Gudumar me?"

"Mu ɓanƙari dutsen Jauro mana."

"A'a."

"Tsoho, kai fa ka karanta min sanarwar!"

"Na karanta miki, ban ce dutsena ne ba. Jauro cewa ya yi ajiye min. Bai ce na ba ka ba, bai ce ɓalla ba."

Na yi magiya, na yi kuka, na kawo masa hujja cewa shi ma ta haka zai san abin da yake nema tun ban iya tafiya ba. Ya ce, "Kina tsammanin ban fi ki son in sani ba? Kullum sai na buɗe akwatin nan na dube shi." Hajiya ta raɗa min in bari ya tafi masallaci, ta san inda makullin yake. Ashe ya ji. Daga ranar duk salla da dutsen yake tafiya a jaka, ya ajiye shi gabansa a sahun farko. Liman ya tambaye shi ko guzuri ne, ya ce amana ce.

Wayar Jauro ba ta shiga, don haka sai sallahu. Ranar kasuwar Kibiya ya ja ni rumfar masu fura da nono, wurin Dije, matar ƙanin Jauro. Ya tsara mata saƙon kashi uku kamar tambayar jarrabawa: na ɗaya ana gaisuwa, na biyu ana neman izinin ɓallar dutse, na uku girman ƙwayar gyaɗa. Ya sa ta maimaita sau biyu, har masu sayen fura suka haddace. Dije ta ce za ta faɗa wa mijinta, shi ya faɗa wa wani direba, direban ya faɗa wa wani mai sayen shanu da ke zuwa can. Na ƙirga bakunan da saƙon zai bi, na fara cire rai.

Wata ya ƙare. Bayan kwana tara sai ga Dije a ƙofar gida da ƙwaryarta.

"Modibbo, Jauro ya ce a gaishe ka. Ya ce wane dutse?"

Tsoho ya buɗe baki.

"Da aka tuna masa sai ya ce, wai har yanzu kana ɗauke da shi? Ya ce ku fasa, in kun ga dama ku daka shi a turmi."

Hajiya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Tsoho ya juyo ya dube ni da fara'arsa ya ce, "Kin gani? Yanzu da izini." Ni kuwa ban ga abin dariya ba. Na shige ɗaki na yi kuka mai isata. Na ji haushinsa ƙwarai, kuma na nuna masa. Wata biyu ban ce masa komai ba sai gaisuwar safe, na daina tsokanarsa, in ya kira Furofesa in yi kamar ban ji ba. Ku da kuke ganinsa a majalisa kun ce a kwanakin nan ya rage surutu, ba ku san ni ce sanadi ba.

Bai ba ni haƙuri ba, bai kuma fasa zuwa Rano ba. Ashe duk Alhamis sanarwa ɗaya yake dubawa. Shekara ta zagayo, wata rana Hajiya ta miƙo min takarda a dunƙule, ta ce in ji Malam. Na warware, sanarwar ce ta sake fitowa, ya ja mata layi da jan biro, ga ɓallin dutse a tsakiya kamar ƙwayar gyaɗa, ba ƙari ba ragi. A wannan karon aka ɗauke ni.

Da na isa cibiyar, da hannuna na sa ɓallin a ƙarƙashin na'ura. Na duba, na sake dubawa, na kira malamarmu ita ma ta duba. Kashin maƙera ne, wato dattin da ke saura in an narka tama an fitar da ƙarfe. Shi ya sa yake da nauyi, shi ya sa yake kama mayen ƙarfe. Daɗaɗɗe ne ƙwarai, amma bai taɓa zuwa sama ba balle ya faɗo. Duk lokacin da Tsoho ya kira ni a waya sai in ce ana kan bincike.

Na dawo na tarar da shi a kwance, jiki ya yi nauyi. A motar Kano zuwa Kibiya na gama shirya ƙaryar da zan yi masa, don ban ga amfanin in karya zuciyar tsoho mara lafiya ba. Da hantsi na shiga ɗakinsa, Hajiya na zaune tana yi masa fifita.

"Furofesa, me na'urar ta ce?"

"Ai har yanzu suna kan bincike, Tsoho."

"Shekara talatin da biyar ina kallon fuskar yaran da ba su yi aikin gida ba. Faɗi."

Na faɗa masa. Ya kalli rufin ɗaki, ni kuma ina jiran in ga hawaye. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kashin maƙera na yi ta kaiwa sahun farko? Kar wanda ya faɗa wa Liman!"

Hajiya ta ba shi ruwa. Ya kurɓa, sai ya ɗaga yatsa.

"Tsaya. A Kahu fa aka tsince shi. Yaushe aka taɓa narka tama a Kahu? Ni a ƙasar nan aka haife ni, ban taɓa ji ba. Su wane ne? Ina suka haƙo tamar? Ina suka tafi?"

Na ce ban sani ba.

"To kin ga aiki. Ki je wurin tsofaffin Kahu tun suna raye, ki sa Jauro ya nuna miki wurin. Kuma ki mayar masa da dutsensa, ki faɗa masa abin da aka gano, haƙƙinsa ne ya sani."

Na durƙusa na ce ya yafe min fushin da na yi da shi. Ya dafa kaina, hannunsa ba nauyi ko kaɗan.

"Ni na ci miki shekara guda, Zinatu. Duk safiya ina ganinki kina tsintar shinkafa, abin yana ci min rai. Ke za ki yafe min. Amma kar in ɓoye miki, ko yau aka maimaita, haka zan yi."

Na ce na sani. Kwana huɗu bayan nan ya rasu. Da damina ta faɗi Jauro ya dawo, na kai masa dutsensa a cikin rawanin, na faɗa masa komai. Ya juya shi a hannu, sannan ya goge ido da bakin riga ya ce gobe in zo da wuri ya kai ni wurin.

Allah ka jiƙan Malam Iro, ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa. Ya riƙe amanar bawanka ko da ta fi ƙarfin zuciyarsa, kai ma ka riƙe shi da rahamarka. Ya tafi da tambayoyi da yawa, ya Allah, ka sanar da shi amsoshinsu a Aljanna. Amin.