Ƙarfen Ƙafata da Makullin Innar Su Rabi

Daga Kara

Ana sallame asuba na hau bayan babur ɗin Ɗanladi, ɗan maƙwabcina. Ni ba matafiyi ba ne, ko Gwarzo sai da dalili. Ciwon baya ne ya kore ni daga gida, likita ya ce sai an yi mini hoto a Kano, cikin wani inji mai mayen ƙarfe.

Nan tsorona yake. Akwai ƙarfe a ƙwaurina tun da mota ta buge ni a hanyar kasuwa. Innar su Rabi, matata, Allah ya jiƙanta, ita ta yi jinyata har na taka. Idan hadari ya haɗo ƙafar ta fara tsami, sai ta ce, "Malam, ƙarfenmu ya ji ruwa." Tun da ta rasu bara na kulle ɗakinta, na rataya makullin a wuya, ko wanka ba na cirewa.

Kabo

A tashar Gwarzo na sami gaban mota. Direba na jin labarina ya ce, "Baba, injin nan fa ko kan amalanke zai fizge! Sai an fara zare maka ƙarfen."

"Kai ka taɓa shiga?"

"A'a, ji na yi."

A bakin titin Kabo muka ɗauki 'yata Rabi, wadda ke aure a Gammo, da ƙullin ƙosai mai zafi. Ban iya ci ba. Muka wuce shingen 'yan sanda, ina kallon gonakin dawa ina tuna wadda kullum take zama a gefena in za mu asibiti.

Kano

Da hantsi muka isa asibitin. Wata ma'aikaciya ta zaunar da ni, ta ce, "Baba, akwai ƙarfe a jikinka?"

Na ce, "Akwai, 'yar nan, kuma don Allah kada a cire."

"Wane iri ne?"

Wadda ta san amsar tana ƙarƙashin ƙasa. Sai suka yi wa ƙafar hoton ƙashi, suka kira asibitin da aka sa shi. Muka jira har azahar a inuwar darbejiya. Da ma'aikaciyar ta dawo ta ce irin wanda mayen ƙarfe ba ya ja ne, kuma ya kama ƙashi daram. In na ji ɗumi a wurin, in matsa 'yar robar da za su ba ni.

Ban gama hamdala ba ta nuna wuyana. "Amma wannan ba zai shiga ba."

"Makulli ne kawai."

"Shi ne injin zai fizga, Baba."

Ashe abin da na zo karewa ya tsira, wanda ban yi zato ba shi za a raba ni da shi. Rabi ta miƙo hannu. "Kawo, Baba. Ai ɗakin uwata ne." Na daɗe kafin zaren ya wuce kaina.

Cikin injin ƙara kamar maƙera sun haɗu. Ƙafa ba ta ce komai ba. Wuyana ne ya yi sakayau, nake ta jin iska a wurin.

Gida

Rabi ba ta sauka a Kabo ba, ta biyo ni har Kara. Muka shiga ana kiran magariba. Na miƙa hannu, ba ta ba ni makullin ba. Ta wuce ta buɗe ƙofar ɗakin uwarta. Ƙamshin turaren wutar nan nata yana nan, da tabarmar da nake miƙe ƙafa tana gasa mini.

Na gode wa Allah, na gode wa Ɗanladi da ma'aikaciyar da ta yi haƙuri da ni. Makullin yana kan ƙusa yanzu. Da yamma a ɗakin nake zama, ni da ƙarfenmu, muna jiran ruwa.